Yadda Kotunan Ɗaukaka Ƙara na Jihohin Amurka Ke Tabbatar da Hukuncin Laifi

Mafi yawan shari'o'in manyan laifuka a Amurka, tun daga kisan kai da fyaɗe har zuwa fashi da fataucin miyagun ƙwayoyi, a kotunan jihohi ake yin su, domin kowace daga cikin jihohi 50 na ƙasar tana da nata kundin tsarin mulki, da nata dokokin hukunta laifuka, da nata jerin kotuna daga ta farko har zuwa ta ƙoli. Wanda aka samu da laifi yana da damar ɗaukaka ƙara, sai dai a mafi yawan lokaci yakan dawo da hukuncin da ya tafi da shi. Wani rahoto da sashen ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ya fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kotunan ɗaukaka ƙara na jihohi sun kammala ƙararrakin laifuka 69,348, kuma kashi 63 cikin 100 ne aka duba gundarinsu, sauran kuwa an kore su, ko masu su sun janye, ko kotu ta ƙi karɓarsu. Daga cikin waɗanda aka duba gundarinsu, kashi 81 cikin 100 an tabbatar da hukuncin kotun farko, yayin da kashi 12 cikin 100 na dukan ƙararrakin ne kawai aka soke ko aka sauya wani ɓangare na hukuncinsu. Mai karanta labarin cewa kotun sama ta tabbatar da hukunci yakan ɗauka cewa wasu alƙalai sun sake auna shaidu sun gamsu cewa mutumin ya aikata laifin, alhali kuwa abin da suka yi ya fi haka ƙunci nesa ba kusa ba, kuma sai an san ƙa'idojin da suke bi kafin a gane nauyin wannan tabbatarwa da kuma iyakarta.

Tsarin kotunan ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Kimanin jihohi 40 suna da kotun tsakiya, wato wadda ke tsakanin kotun farko da kotun ƙolin jiha, kuma a nan ne akasarin ƙararraki ke ƙarewa, galibi a gaban alƙalai uku. Jihohi marasa yawan jama'a irin su Delaware da Montana da Wayomin ba su da irin wannan kotu, don haka ƙara takan wuce kai tsaye zuwa kotun ƙoli. Tekzas da Oklahoma kuwa kowacce tana da kotun ƙoli biyu, ɗaya ta shari'o'in farar hula, ɗaya ta laifuka. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, kundin tsarin mulkin tarayya bai ba kowa haƙƙin ɗaukaka ƙara ba, kamar yadda Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana tun 1894 a shari'ar McKane da Durston. Jihohin ne da kansu suka samar da wannan haƙƙi a dokokinsu, har ma Bajiniya sai a farkon 2022 ta mayar da shi haƙƙi cikakke ga duk wanda aka samu da laifi, a maimakon roƙon da kotu ke da zaɓin karɓa ko ƙi. Abin da Kotun Ƙolin ta yi daga baya shi ne hana a rufe ƙofar ga talaka: a 1956, a shari'ar Griffin da Jihar Ilinoyi, ta ce wajibi ne a ba marar hali kwafin rubutaccen zaman kotu kyauta, a 1963 kuma, a shari'ar Douglas da Jihar Kalifoniya, ta ce wajibi ne a ba shi lauya a matakin farko na ɗaukaka ƙara. Gwamnati a nata ɓangaren ba ta da damar ɗaukaka ƙara idan aka wanke wanda ake tuhuma, saboda ƙa'idar da ta hana a gurfanar da mutum sau biyu a kan laifi ɗaya, saboda haka kusan duk ƙarar da ta iso daga wanda aka ɗaure take fitowa.

A kotun ɗaukaka ƙara ba a kiran shaida, ba a rantsar da kowa, ba a karɓar sabuwar hujja, kuma sau da yawa wanda aka ɗaure ba ya ma halarta. Abin da ke gaban alƙalai shi ne kundin shari'ar, wato rubutaccen bayanin duk abin da aka furta a kotun farko tare da takardu da kayayyakin da aka karɓa a matsayin hujja, sai kuma rubutattun bahasin lauyoyin ɓangarorin biyu. Idan an ba da damar bahasin baka, kowane lauya kan samu minti 15 zuwa 30 ne, kuma ƙararraki masu yawa ana yanke su ba tare da an yi shi ba. Duk abin da bai shiga kundin ba, ko da kuwa shaida ce da za ta wanke mutum, kotun ba za ta dube shi ba a wannan mataki. Tana farawa ne da zaton cewa hukuncin kotun farko daidai yake, nauyin nuna akasin haka kuma yana wuyan mai ɗaukaka ƙara. A nan ne al'amari ke juyewa, domin mutumin da a kotun farko doka ta ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, yanzu shi ne mai laifin da aka ɗora wa aikin gano kuskure. Hanyarsa ta yi kama da ta mai neman ganin sarki, wanda sai ya wuce zaure bayan zaure, kuma a kowane zaure ana iya sallamarsa.

Zauren farko shi ne sharaɗin yin ƙorafi a kan lokaci. Idan mai gabatar da ƙara ya kawo hujjar da doka ta hana, ko alƙali ya yi wa juri bayanin doka ba daidai ba, dole ne lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe nan take ya ce bai yarda ba, ya faɗi dalilinsa, a rubuta a kundi. Juri shi ne kwamitin mutanen gari, galibi su 12 a manyan laifuka, waɗanda ake zaɓowa su saurari shaidu su yanke ko mutum ya aikata laifi ko bai aikata ba. Lauyan da ya yi shiru a lokacin ya zubar da damar, kuma kotun sama za ta ce batun bai zo gabanta ta hanyar da ta dace ba. Hikimar wannan sharaɗi a fili take: yana ba alƙalin farko damar gyara kuskure tun ana cikin shari'a, yana kuma hana lauya ya ga ɓaraka ya ɓoye ta a aljihu don ya fito da ita idan shari'a ta juya masa baya. Aibinsa shi ne, sakacin lauya a kan wanda yake karewa yake faɗawa, kuma wanda gwamnati ta ba lauya kyauta ba shi ya zaɓe shi ba. Akwai sassauci ga kuskuren da ya fito ƙarara har ya taɓa tushen adalcin shari'ar, amma kotuna ba sa yawan amfani da shi. Zargin cewa lauyan ne bai iya aikinsa ba kuwa, yawancin jihohi kan tura shi zuwa wata ƙara ta daban bayan an gama ɗaukaka ƙara, inda ma'aunin da aka kafa a shari'ar Strickland da Washington ta 1984 ke buƙatar a nuna gazawar lauyan, a kuma nuna cewa da bai gaza ba akwai yiwuwar sakamakon ya bambanta.

Wanda ya wuce nan sai ya tarar da abin da lauyoyi ke kira ma'aunin bita, wato gwargwadon yadda kotun sama ke da damar saɓa wa ta ƙasa, kuma wannan ya danganta da irin batun. Idan batu ne na fassarar doka zalla, alƙalan sama kan duba shi sabo ba tare da la'akari da ra'ayin alƙalin farko ba, kuma a nan ne mai ɗaukaka ƙara ya fi samun sa'a. Idan batu ne na abin da ya faru, misali ko ɗan sanda ya sanar da wanda ya kama haƙƙinsa na yin shiru kafin ya yi masa tambayoyi, ba sa taɓa abin da alƙalin farko ya gano sai in kuskuren ya fito fili, bisa dalilin cewa gani ya kori ji: shi ya kalli mai shaida yana magana, ya ga inda ya yi inda-inda da inda ya kau da kai, su kuwa takarda kawai suke karantawa. Akwai kuma batutuwan da doka ta bar wa alƙali zaɓi, irin su karɓar wata hujja, ko ɗage zama, ko mayar da shari'a wani gari, waɗanda ba a soke su sai an nuna cewa ya wuce gona da iri a zaɓin nasa. Alƙalan sama suna iya cewa da su ne da ba haka za su yi ba, su kuma tabbatar da hukuncin duk da haka.

Shari'ar Derek Chauvin, tsohon ɗan sandan birnin Miniyapolis da aka samu da laifin kashe George Floyd, ta nuna yadda wannan ma'auni na uku ke aiki. An same shi da laifi a watan Afrilun 2021, aka yanke masa ɗaurin shekara 22 da rabi, lauyoyinsa kuma suka ɗaukaka ƙara suna cewa ba zai yiwu a samu juri marar son zuciya a garin da aka yi zanga-zanga da ƙone-ƙone ba, musamman ganin cewa ana tsakar zaɓen mutanen jurin ne hukumar birnin ta sanar da biyan iyalan mamacin diyyar dala miliyan 27. Alƙalin farko, Peter Cahill, ya ƙi mayar da shari'ar wani gari bisa hujjar cewa babu wani yanki na jihar Minesota da labarin bai game ba, amma ya sake kiran waɗanda aka riga aka zaɓa ya tambaye su game da labarin diyyar, ya kuma sallami biyu daga cikinsu. A watan Afrilun 2023 alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara ta jihar suka tabbatar da hukuncin. Tambayar da suka amsa ita ce ko matakan da Cahill ya ɗauka suna cikin iyakar abin da alƙali mai hankali zai iya zaɓa, suka ce suna ciki. Kotun ƙolin jihar ta ƙi karɓar ƙarar a watan Yuli, Kotun Ƙolin Amurka ma ta ƙi a watan Nuwamba na wannan shekarar.

Ƙorafin da masu ɗaukaka ƙara suka fi kawowa, wanda kuma ya fi wuyar cin nasara, shi ne cewa hujjojin ba su isa a same su da laifi ba. Ma'aunin da yawancin jihohi ke bi ya samo asali daga shari'ar Jackson da Jihar Bajiniya ta 1979, inda aka ce kotun sama za ta kalli hujjojin ta fuskar da ta fi dacewa da ɓangaren gwamnati, sannan ta tambaya ko akwai wani mai hankali da zai iya gamsuwa da su ba tare da shakka mai tushe ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan mutum ɗaya ya ce ya ga wanda ake tuhuma a wurin da aka yi kisa, mutum biyar kuma suka ce yana tare da su a wani gari, juri ya gaskata ɗayan, to kotun sama za ta ɗauka ɗayan ne mai gaskiya. Jihohi kaɗan sun ba kotunansu damar wuce haka. A Niyok kotun tsakiya tana da ikon auna nauyin hujjoji da kanta ta soke hukuncin da ta ga ya saɓa wa rinjayensu, yayin da Tekzas ta bi akasin wannan hanya a 2010, lokacin da kotun ƙolinta ta laifuka ta daina irin wannan bita a shari'ar Brooks.

Zauren da ya fi kowanne cin mutane shi ne ƙa'idar kuskure marar illa, wadda ke ba kotu damar amincewa cewa an yi kuskure, har ma an keta haƙƙin da tsarin mulki ya bayar, amma ta tabbatar da hukuncin bisa dalilin cewa kuskuren bai sauya sakamakon ba. Ƙa'idar tana da tarihi mai ma'ana. A ƙarni na 19 kotunan Amurka sun gaji wata al'ada daga Ingila wadda ke ɗaukar kusan kowane kuskure a matsayin dalilin sake shari'a, suka kuma zarce da ita har ta zama abin dariya: a 1908 kotun ƙolin Misuri ta soke hukuncin wani da aka samu da laifin fyaɗe saboda an tsallake wata 'yar ƙaramar kalma guda a jimlar ƙarshe ta takardar tuhuma. Masana irin su Roscoe Pound, wanda ya yi wani shahararren jawabi a gaban ƙungiyar lauyoyin Amurka a 1906, sun soki yadda shari'a ta koma wasan neman tuntuɓen abokin hamayya. Kalifoniya ta gyara kundin tsarin mulkinta a 1911 ta hana soke hukunci sai in kuskuren ya kai ga tauye adalci, majalisar tarayya ta yi irin wannan doka a 1919, sauran jihohi kuma suka bi sahu.

Tambayar da ta rage ita ce ko wannan sassauci ya shafi keta tsarin mulkin tarayya, kuma an amsa ta a 1967 a shari'ar Chapman da Jihar Kalifoniya. Ruth Chapman da Thomas Teale an tuhume su da fashi da sacewa da kashe wani ma'aikacin mashaya a garin Lodi, suka zaɓi kada su ba da shaida, mai gabatar da ƙara kuma ya yi ta nanata wa juri cewa shirun nasu alamar rashin gaskiya ce, abin da Kotun Ƙoli ta haramta a 1965. Kotun ƙolin Kalifoniya ta yarda an yi kuskure, amma ta ce bai yi illa ba. Kotun Ƙolin Amurka, ta bakin Mai Shari'a Hugo Black, ta soke hukuncin, sai dai a cikin wannan hukunci ne ta kafa cewa keta tsarin mulki ma yana iya zama marar illa, muddin gwamnati ta nuna haka ba tare da shakka mai tushe ba. Mutanen biyu sun yi nasara, amma ƙa'idar da shari'arsu ta haifar ta zama sandar da aka tabbatar da hukunce-hukunce masu ɗimbin yawa da ita. A 1991 aka ƙara faɗaɗa ta a shari'ar Jihar Arizona da Fulminante, wanda ya amsa laifin kashe agolarsa 'yar shekara 11 ga wani abokin zamansa a kurkuku, mai yi wa hukumar FBI leƙen asiri, bayan abokin zaman ya yi masa alkawarin kare shi daga sauran fursunoni. Alƙalai biyar cikin tara suka ce ko amsa laifin da aka samu ta hanyar tursasawa ana iya auna shi da wannan ma'auni, kodayake a wannan shari'ar an ga ya yi illa. Kurakurai kaɗan ne suka rage waɗanda ke rushe hukunci kai tsaye, saboda sun lalata ginshiƙin shari'ar gaba ɗaya: hana mutum lauya, ko alƙali mai wata maslaha a cikin shari'ar, ko cire mutane daga juri saboda launin fatarsu, ko yi wa juri bayanin ma'anar shakka mai tushe ba daidai ba.

Babu mai hankalin da zai so a koma zamanin soke hukunci saboda kalma guda, domin sake shari'a bayan shekaru yana nufin shaidu sun mutu ko sun manta, waɗanda aka cutar kuma a sake tayar musu da miki. Matsalar tana cikin yadda ake auna illar. Roger Traynor, wanda ya shugabanci kotun ƙolin Kalifoniya, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan a 1970, inda ya nuna cewa tambayar da ta dace ita ce ko kuskuren ya yi tasiri a kan jurin da ya yanke hukunci, amma alƙalai kan zame zuwa wata tambayar mai sauƙi, wato ko su da kansu sun gamsu mutumin mai laifi ne. Wanda ya karanta kundin shari'a yana sane da cewa an riga an samu mutum da laifi, zai yi wuya hujjojin su ƙi yi masa kama da masu ƙarfi. Bayan haka, mai gabatar da ƙara da ya san cewa keta ƙa'ida ba zai jawo masa asarar shari'a ba idan hujjarsa tana da ƙarfi, ba shi da babban dalilin kiyaye ta, ko da kotu ta yi masa faɗa a rubuce.

Akwai wata ƙaramar ƙa'ida da ke tafiya tare da wannan, wadda ke cewa idan alƙalin farko ya kai ga sakamakon da ya dace ta hanyar dalilin da bai dace ba, kotun sama za ta tabbatar da hukuncinsa bisa dalilin da ya dace, in dai yana cikin kundi. Lauyoyin Jojiya da Filorida suna yi mata laƙabi da ƙa'idar direban keken doki mai maye, wanda duk da tangaɗinsa ya kai fasinja gida. Mai karatu a Nijeriya ba zai ga baƙon abu a yawancin waɗannan ba, domin tushen ɗaya ne. Dokar Ingila ta 1907 da ta kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifuka ta ƙunshi sharaɗin cewa ana iya korar ƙara idan ba a tauye adalci sosai ba, kuma dokokin Nijeriya sun gaji wannan sharaɗi, haka nan Kotun Ƙolin Nijeriya ba ta cika taɓa abin da kotuna biyu na ƙasa suka haɗu a kansa game da abin da ya faru ba. Bambancin shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1976, ta tarayya ce mai rassa a shiyyoyi, kuma gwamnati tana iya ɗaukaka ƙara idan aka wanke wanda ta gurfanar.

Sigar da tabbatarwar ke fitowa da ita ma abin dubawa ce. Wasu ƙararrakin tun daga hannun lauya suke mutuwa: bisa tsarin da aka kafa a shari'ar Anders da Jihar Kalifoniya ta 1967, lauyan da kotu ta naɗa, idan ya karanta kundi bai ga abin kamawa ba, yana iya sanar da kotu haka tare da nuna duk wani batu da za a iya jayayya a kai, kotun ta duba da kanta, in ta yarda da shi ta tabbatar da hukunci. Ya kamata a tuna kuma cewa kimanin kashi 94 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a kotunan jihohi amsa laifinsu suke yi bisa yarjejeniya da mai gabatar da ƙara, kamar yadda Kotun Ƙoli ta ambata a 2012, kuma wanda ya amsa laifi ya rufe wa kansa yawancin ƙofofin ƙorafi. Tsarin mulkin Kalifoniya ya wajabta wa kotunan ɗaukaka ƙara su rubuta dalilansu, amma kusan kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen ba a wallafa su a kundin hukunce-hukunce na hukuma, kuma ba a yarda lauya ya kafa hujja da su a wata shari'a ba. Filorida ta fi kowa taƙaitawa, domin kotunanta na tsakiya suna yawan fitar da hukunci mai kalma ɗaya tak da ke nuna an tabbatar, ba sunan wanda ya rubuta, ba dalili. Tun bayan gyaran tsarin mulkin jihar na 1980, kotun ƙolinta ba ta da hurumin duba irin wannan hukunci, tunda babu wani dalili a rubuce da za a ce ya ci karo da hukuncin wata kotu. Masu kare wannan al'ada suna cewa yawan ƙararraki ba zai bari a yi wa kowacce sharhi ba, kuma da gaskiyarsu, amma wanda aka yanke wa ɗaurin rai-da-rai ya cancanci a gaya masa, ko da a sakin layi ɗaya ne, abin da ya sa ƙorafinsa bai karɓu ba.

Yawan tabbatarwa shi kaɗai ba ya nuna cewa kotunan suna barci, tunda ɗaukaka ƙara kyauta ce ga marar hali, wanda ke kurkuku kuma ba ya asarar komai in ya gwada, saboda haka ƙararraki marasa tushe suna da yawa. Abin da ya fi tayar da hankali ya fito ne daga binciken Farfesa Brandon Garrett, wanda a 2008 ya bi diddigin mutane 200 na farko da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya wanke bayan an ɗaure su. Daga cikin 133 da kotuna suka rubuta hukunci a kan ƙorafinsu kafin gwajin, kashi 14 cikin 100 ne kacal suka samu aka soke hukuncinsu, adadin da bai bambanta sosai da na sauran masu irin laifukansu ba, kuma a wasu shari'o'in alƙalai sun rubuta cewa hujjojin laifin sun yi yawan da ba a jayayya da su. Tsarin da aka gina don gano kuskuren bin ƙa'ida bai iya rarrabe marar laifi da mai laifi ba, musamman inda tushen matsalar shaidar gani da ido ce da ta yi kuskure cikin gaskiya da amana. Siyasa ma tana da nata hannu, domin a yawancin jihohi alƙalan ɗaukaka ƙara suna fuskantar masu zaɓe, ko dai a takara ko a ƙuri'ar a bar su ko a cire su. A 1986 masu zaɓen Kalifoniya suka cire babbar mai shari'a Rose Bird tare da alƙalai Cruz Reynoso da Joseph Grodin daga kotun ƙolin jihar, bayan kamfen da ya ta'allaƙa a kan cewa ta ƙi amincewa da hukuncin kisa a dukan shari'o'i kimanin 60 da suka zo gabanta, kotun da ta biyo baya kuma ta koma tabbatar da mafi yawan irin waɗannan hukunce-hukunce, sau da yawa bisa ƙa'idar kuskure marar illa. A 1996 aka cire Penny White daga kotun ƙolin Tenesi bayan irin wannan kamfen a kan shari'ar kisa guda ɗaya.

Bayan kotun tsakiya ta tabbatar, hanya takan ƙara ƙuncewa. Kotun ƙolin jiha tana zaɓen ƙararrakin da za ta saurara, in ban da na hukuncin kisa waɗanda a yawancin jihohin da ke da shi suke zuwa mata kai tsaye, kuma tun 1974 aka yanke cewa ba dole ne a ba marar hali lauya a wannan mataki ba. Wani lokaci takan juya lamarin, kamar yadda ya faru da Harvey Weinstein, mai shirya fina-finai, wanda alƙalan kotun tsakiya ta Niyok suka tabbatar da hukuncinsa baki ɗaya a 2022, sannan babbar kotun jihar ta soke shi a 2024 da rinjayen huɗu a kan uku, saboda an bar wasu mata sun ba da shaida a kan zarge-zargen da ba sa cikin tuhumar. Kotun Ƙolin Amurka ba ta duba sai batun dokar tarayya, kuma ƙararrakin da take saurara a shekara ba su kai 100 ba cikin dubban da ake kai mata. Saura ƙarar neman a duba halaccin tsarewa a kotun tarayya, wadda wata doka ta 1996 ta taƙaita ta: an ba fursuna shekara ɗaya ya shigar da ita, kuma alƙalin tarayya ba zai taɓa hukuncin kotun jiha ba sai in ya saɓa wa abin da Kotun Ƙoli ta kafa ƙarara ko ya yi amfani da shi ta hanyar da hankali ba zai ɗauka ba. A 2011, a shari'ar Harrington da Richter, aka ce wannan girmamawa ta shafi har hukuncin da kotun jiha ta yanke ba tare da faɗin dalili ba.

Shari'ar Curtis Flowers ta Misisipi ta bi kusan dukan waɗannan matakai. An tuhume shi da kashe mutum huɗu a wani kantin kayan ɗaki a garin Winona a 1996, mai gabatar da ƙara ɗaya kuma ya gurfanar da shi har sau shida. Kotun ƙolin jihar ta soke hukunci uku na farko saboda saɓa ƙa'idar mai gabatar da ƙarar, shari'a ta huɗu da ta biyar juri ya kasa cimma matsaya, a ta shida kuma, a 2010, aka sake yanke masa hukuncin kisa. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da wannan hukunci a 2014, ta sake tabbatar da shi a 2017 bayan an dawo mata da shi ta sake dubawa, duka bisa girmama abin da alƙalin farko ya gano cewa dalilan cire baƙaƙen fata daga juri ba na launin fata ba ne. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da rinjayen bakwai a kan biyu, tana mai nuni da cewa a shari'o'in shida mai gabatar da ƙarar ya cire 41 daga cikin baƙaƙen fata 42 da ya samu damar cirewa. A watan Satumban 2020 gwamnatin jihar ta janye tuhumar baki ɗaya, bayan Flowers ya shafe fiye da shekara 20 a tsare.